Kujera ɗaya a jirgin Aswan: nazarin lamarin wata ɗalibar likitanci daga Gombe

Asalin lamarin: 2019 zuwa farkon 2023

Yarinyar 'yar Tudun Wada ce a cikin garin Gombe, ita ce ta uku a ɗakinsu. Mahaifinta ɗan hatsi ne, rumfarsa tana Tudun Hatsi. Masara da wake yake saye da kaka, ya ajiye, ya fitar da bazara. Ni ƙanin mahaifiyarta ne, kuma da yake ni ne na yi boko mai ɗan zurfi a dangi, duk wata takardar makarantarta ta hannuna take bi. Na sakaya sunanta da sunayen jami'o'in da abin ya shafa, kuma da izininta da na mahaifinta nake wannan rubutu.

Sau biyu tana zana JAMB, sau biyu makinta yana tsayawa ƙasa kaɗan da na likitanci. A ƙarshen 2019 mahaifinta ya yanke shawarar kai ta wata jami'a mai zaman kanta a Khartum. Kuɗin makaranta dala 3,500 ne a shekara, lokacin ana canjin dala a wajen naira 360, wato abin bai kai naira miliyan ɗaya da rabi ba. Ya fi Masar sauƙi, babu yajin aikin malamai, kuma gari ne da 'ya mace za ta sa hijabinta ta shiga aji ba mai ɗaga ido ya kalle ta.

Akwai kuma wani abu da ba a rubutawa a takarda amma yana cikin zukatan mutanen nan. Sudan ba baƙon wuri ba ne ga ɗan Gombe. A Burmi, cikin ƙasar Funakaye, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, waɗanda suka tsira kuma suka nausa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Tsofaffinmu ta can suka bi zuwa Makka da ƙafa. Mahaifinta yakan ce tura 'ya Sudan kamar tura ta gidan kakanni ne.

Yana da wata ɗabi'a da a lokacin ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Duk sanda sakamakon jarrabawa ya fito sai ya ce, "Uwata, ɗauko mini hotonsa in gani." Ba ya karanta Turanci. Yakan buɗe hoton ya daɗe yana kallo, ya turo mini in fassara, kuma ba ya gogewa. Rasit ɗin kuɗin makaranta kuwa, ko wanne ya zo sai ya sa an buga masa a takarda, ya ninke, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin bencin rumfa.

Korona ta ci mata watanni a 2020, zanga-zangar da ta biyo bayan juyin mulkin Oktoba 2021 ta ci wasu. Zuwa Afrilun 2023 ta kammala aji uku, ta shiga na huɗu, ta fara zagayen marasa lafiya a asibiti da 'yan makonni.

15 zuwa 23 ga Afrilu 2023: kwana tara a ɗaki

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 24 ga watan azumi, ta kira ni da hantsi. "Kawu, harbi ake yi, kuma ba irin na zanga-zanga ba ne." Faɗa ne ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. A ranar farko filin jirgin saman Khartum ya zama fagen daga, aka ƙona jirage a ƙasa, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Hanyar da kowane ɗalibi ya sani ta komawa gida ta toshe cikin safiya ɗaya.

Su shida ne a gidan da suke haya, duka 'yan arewa. A kwana na uku wuta ta ɗauke, ruwan famfo ya biyo baya. Suka janye katifu daga jikin tagogi suka koma kwana a lungun da ke tsakanin ɗakuna. Wayoyi suka riƙa ci daga batirin kwamfutocinsu, suka kuma yi ƙa'ida cewa waya ɗaya ake kunnawa, bayan asuba da bayan magariba, kowa ta aika saƙo gida a kashe.

A Gombe an gwada abubuwa uku a cikin wannan mako.

Na farko kuɗi. Mahaifinta ya fitar da buhu ashirin na masara tun lokacin fitarwa bai yi ba, ya kai wa wani ɗan canji da ke da abokin hulɗa a Khartum. Kuɗin ya shiga asusunta na Bankak, manhajar da kusan kowa ke ciniki da ita a can. Amma bankuna a rufe suke, intanet na zuwa tana ɗaukewa, masu mota kuma tsabar kuɗi suke nema a hannu. Tana ganin adadin a waya, ba ta iya sayen ko jarkar ruwa da shi sai in an dace da sabis.

Na biyu motar haya zuwa Masar. Dala 400 aka ce mata, tsaba, kuma ba ta da bizar Masar a fasfonta. Wannan magana ba ta kwana ba.

Na uku shi ne ya fi ɗaukar hankalin mahaifinta. Wani dattijo a Tudun Hatsi yana da dangi a wajen Wad Madani, ya ce a tura ta can ta fake cikin Hausawa har ƙura ta lafa. Alhaji, wato mahaifinta, ya so abin ƙwarai. Ni na ƙi, saboda shugabannin ɗalibai sun fara tattara sunaye don kai wa ofishin jakadanci, kuma wanda ya bar Khartum zai iya faɗuwa daga jerin. Muka kwana biyu muna ja. Ita ce ta raba gardamar: "Baba, ka yi haƙuri, inda 'yan uwana suke nan zan tsaya." Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar wannan shekarar.

Sallah ta kama Juma'a 21 ga wata. An dafa abinci a gidan, yaran maƙwabta suka cinye. Washegari ta samu sabis na 'yan mintoci ta shigar da sunanta da lambar fasfonta a jerin ɗalibai.

24 ga Afrilu: wani mai jirage ya yi magana

Ranar Litinin labari ya fita cewa shugaban kamfanin Air Peace, Allen Onyema, ya ce zai kwaso 'yan Najeriya kyauta, da sharaɗi ɗaya: gwamnati ta fitar da su daga Sudan zuwa wata ƙasa maƙwabciya inda jirgi zai iya sauka. Alhaji a rediyo ya ji. Ya kira ni ko sallama bai ƙarasa ba. "Malam, wane ne wannan mutumin? Kuma me zai samu?"

Tambayar ɗan kasuwa ce, kuma ta cancanci amsa. Na je rumfa da yamma na faɗa masa abin da na sani. An haifi Onyema a 1964, asalinsa ɗan Mbosi ne a jihar Anambra, ya karanta shari'a a Jami'ar Ibadan, ya yi aikin lauya a Legas kafin ya shiga kasuwanci. Ya kafa wata gidauniya ta neman zaman lafiya tsakanin ƙabilun Najeriya, wadda ta horar da tsagerun Neja Delta a kan ajiye makami a ƙarƙashin afuwar da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi musu a 2009. A 2013 ya kafa Air Peace, jiragensa suka fara tashi a Oktoban 2014, cikin 'yan shekaru kamfanin ya zarce duk na cikin gida yawan jirage.

Abin da ya kwantar wa Alhaji hankali shi ne labarin Satumbar 2019. Lokacin da aka far wa baƙi a Afirka ta Kudu, ana ƙona shagunansu, Onyema ya tura jirginsa Johannesburg sawu biyu ya kwaso mutum wajen 500 bai karɓi sisi ba. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "To wanda ya taɓa yi, zai iya sakewa." Da dare ya sa aka yi wa mutumin addu'a a masallacin layinsu. Liman sai da ya tambayi yadda ake furta sunan sau biyu.

Ya kamata a fahimci girman abin da aka yi alkawari. Babban jirgi mai ɗaukar mutum kusan 300 zai tafi fanko, ya dawo cike, da mansa da matuƙansa da kuɗin sauka, sannan duk kwanan da ya yi yana jira a ƙasa an cire shi daga hanyar da yake kawo kuɗi. Ɗan hatsi ya gane wannan nan take. Ya ce kamar ka ba da tirelarka ne a tsakiyar kaka, kai ka zuba mai.

26 ga Afrilu zuwa 2 ga Mayu: hanya da bakin iyaka

Amurka da Saudiyya sun samo tsagaita wuta ta sa'o'i 72, gwamnatin Najeriya kuma ta ce ta yi hayar motocin safa 40 a kan dala miliyan 1.2. Wurin taruwa shi ne Jami'ar Afirka ta Duniya. Su shidan suka biya wani mai a-daidaita-sahu da ragowar tsabar kuɗin da ke hannunsu. Jaka ɗaya kowa. Ta ɗauki fasfo, katin makaranta, kaya kala uku, Alƙur'aninta da abin sauraren ƙirji na likitoci. Littattafai da kwamfuta suka zauna. Ofishin rajistara na jami'arsu a rufe yake tun ranar 15, don haka ba wanda ya fito da takardar sakamako ta hukuma.

An fara ɗaukar mata. Ta samu shiga ayarin farko ranar Laraba 26 ga wata, ita da biyu daga cikin abokan zamanta. Tafiyar kusan kilomita 900 ce zuwa Arƙin, mashigar da ke kan iyakar Masar. Shingayen 'yan bindiga sun fi yawa a wajen gari, suna shiga mota suna duba fasfo. Washegari direbobi suka tsaya a tsakiyar sahara suka ce ba a cika musu kuɗinsu ba. Hoton bidiyon ɗalibai suna kuka a wurin ya zagaye wayoyin Najeriya a ranar, mahaifiyarta ta gani kafin mu samu mu ɓoye mata. Bayan sa'o'i motocin suka ci gaba.

A Arƙin aka tsaya cik. Dubban mutane ne a wurin daga ƙasashe daban-daban, Masar kuma ta ƙi buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa. Ta kwana biyar a nan.

Wannan ne ɓangaren da ta fi jinkirin ba da labarinsa, sai bayan watanni ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta faɗa mini. Rana tana wuce digiri 40. Su uku suka ɗaure manyan hijabansu biyu tsakanin madubin wata mota da ƙarfen wani shinge suka yi inuwa, suna juyawa da ita yadda rana ke juyawa. Dare kuma sanyi, a kan kwali. Gurasa da dabino ne abinci. Makewayi kaɗan ne ga wannan taro, kuma ba ya shiguwa, don haka 'yan matan suka rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa musu. Ita ɗalibar likitanci ce, ta san abin da hakan ke jawowa, amma ta yi. A kwana na uku zazzaɓi da ciwon mara suka kama ta. Wata ɗalibar aji shida daga Kano ce ta ba ta ragowar ƙwayoyin da ke jakarta, ta kuma tsaya a kanta sai da ta shanye gora guda ta ruwa.

Wayarta ta mutu ranar 29 ga wata. Sa'o'i arba'in ba mu ji komai ba. Alhaji bai buɗe rumfa ba, yana zaune a zaure da rediyo a cinya.

Dalilin tsaikon ya fito fili daga baya. Masar ba ta son mutane su shiga su bazu a ƙasarta. Sharuɗɗan da ta gindaya sun haɗa da a ba ta bayanin jiragen da za su kwashi mutanen da yawan kujerunsu, da cikakken jerin sunaye da lambobin fasfo, da tabbacin cewa daga bakin iyaka sai filin jirgi kai tsaye. Wato ba a buɗe ƙofa sai an nuna jirgi. Jirgin Air Peace da wani jirgin sojan saman Najeriya samfurin C-130 su ne aka nuna. Duk da haka sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi magana da Shugaba Abdel Fattah al-Sisi kafin izini ya fito a ranar 1 ga Mayu. Jerin sunayen nan da ta shiga ranar 22 ga Afrilu shi aka bi aka kira ta.

3 ga Mayu: saukar jirgi

Ni da yayanta muka bar Gombe da asuba, ta Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi. Jiragen biyu, da suka taso daga Aswan a kudancin Masar, sun sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja gab da tsakar daren Laraba da mutum 376, mafi yawansu a jirgin Air Peace. Tana cikinsu.

Na tambaye ta daga baya me ta fi tunawa a jirgin. Ta ce wata ma'aikaciya ce ta miƙo mata ruwan sanyi, ta shanye, matar ta sake kawo wani ba tare da an roƙa ba, har sau uku. Sannan ta shiga makewayi ta rufe ƙofa ta wanke fuskarta. Ba ta san lokacin da aka tashi ba, barci ya ɗauke ta.

A filin jirgi an ba kowa naira 100,000 daga gidauniyar Ɗangote, da katin waya. Ta fito da jakarta ɗaya, leɓɓanta sun tsattsage, ta durƙusa ta gaishe ni kamar a tsakar gida. Da muka kai ta asibiti a Gombe nauyinta kilo 48 ne, daga 54. An ba ta maganin ciwon mafitsara na mako guda, ta warke. Sauran ukun da suka bari a Khartum ta Fot Sudan suka fito. Zuwa tsakiyar Mayu an kwaso sama da mutum 2,500, da jiragen Max Air da Azman da Tarco da sauransu.

Gida ya cika da 'yan barka har kwana uku. A wurin kowa magana ta ƙare.

Yuni 2023 zuwa Fabrairu 2024: neman inda za a ci gaba

Da farko jira aka yi. Kowa na cewa yaƙin ba zai wuce wata biyu ba. Wata uku suka tafi a haka.

Sai jami'arta ta buɗe darasi ta intanet, malamai suna koyarwa daga Alƙahira da Jidda da duk inda gudu ya kai su. Ta shiga zango ɗaya. Matsala biyu suka kashe wannan hanya. Aji huɗu na likitanci a gefen gadon majiyyaci ake yinsa, ba a waya ba. Sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 a banki zuwa sama da 750, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Dala 3,500 da Alhaji ke biya da kuɗin da bai kai miliyan ɗaya da rabi ba ta koma sama da miliyan biyar. Wannan lissafin ne ya rufe maganar komawa Masar tun ba a buɗe ta ba.

Hanyar da ta rage ita ce ta gida. JAMB ta fitar da tsarin shigar da ɗaliban da suka dawo daga Sudan cikin jami'o'in Najeriya, da sharaɗin ɗalibi ya yi aƙalla shekara biyu a sabuwar jami'ar, amma karɓa ko ƙi yana hannun kowace jami'a. Mun cika takardu a watan Agusta. Likitanci kuma yana da nasa ƙulli: hukumar likitoci ta ƙasa ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Jami'o'i biyu suka ce gurbinsu ya cika. Ta uku ta ce a kawo takardar sakamako mai hatimi kai tsaye daga ofishin rajistara na Khartum. Na tsaya gaban jami'in na ce masa ofishin da yake magana 'yan bindiga ne ke kwana a cikinsa. Ya ce ya sani, yana kuma tausaya mana, amma ƙa'ida ce, ba shi ya rubuta ta ba.

Na rubuta wa masu hali huɗu takardar neman tallafi, ko za a samu wanda zai ɗauki nauyinta a waje. Ba a samu amsa ba. Na kawo shawarar mu rubuta wa mai jiragen nan, Alhaji ya ƙi. "Malam, mutum ya ɗauko mini 'ya kyauta, kuma in bi shi da ƙoƙon bara? Sauran nauyina ne."

A wannan tsakanin yarinyar ta canza. A wani biki a layinsu yara suka fasa abin wasan wuta, sai ganinta aka yi a ƙarƙashin gado tana kakkarwa. Ta daina buɗe littafi. Gwaggonninta suka fara kawo maganar aure, kuma ba da mugun nufi ba, sun ga 'ya mai shekara 23 tana zaune. Mahaifiyarta ce ta ce a ba ta shekara ɗaya.

Maris 2024 zuwa Yuli 2025: abin da ya buɗe ƙofa

Wani malami a kwalejin likitanci ta wata jami'ar jiha a nan arewa maso gabas ne ya ce mini in daina neman takardar da babu, in tattaro duk abin da akwai. A nan aka koma kan wayar Alhaji.

Muka zauna a rumfa da daddare da tocila, muna bin saƙonninsa da ita tun daga 2019. Hotuna goma sha ɗaya muka samu, na kowane sakamako tun daga zangon farko, da sunanta da lambarta da kan takardar jami'a, kowanne da ranar da aka turo shi. Ya jawo gwangwanin madara ya zazzage a kan buhu, ga rasit bakwai, wasu sun yi ja da ƙurar masara amma ana karantawa. Muka haɗa da katin makaranta, da bizar karatu da ke cikin fasfo, da takardar rantsuwa daga kotu. Ita kuma ta yi ta bin lambobi har ta samu wani tsohon malaminta na ilimin sassan jiki da ya koma Masar, ya rubuto wasiƙa da sa hannunsa yana shaida ajin da take.

Kwamitin kwalejin ya zauna a kan fayil ɗin a watan Afrilu. Hukuncinsu shi ne za a gwada ta a darussa uku na tushe, ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki, in ta ci a ajiye ta a aji uku, ta sake zana babbar jarrabawar da ake yi kafin shiga asibiti tare da ɗalibansu. Wato ta koma baya.

Ta yi kuka ranar. Ta ce, "Kawu, na fa riga na ci wannan jarrabawar." Na ce na sani. Alhaji bai ce komai ba sai da aka yi isha'i, sannan ya kira ta ya ce, "Uwata, ni na sha sayar da hatsi da faɗuwa don kada jari ya mutu a ɗaki. Ki karɓa." Ta karɓa. Mako shida ta yi tana bita da littattafan aro, ta ci gwajin. Naira 100,000 ɗin nan ta filin jirgi ba ta taɓa ta ba duk tsawon shekarar, da ita aka fara biyan rajista.

A Mayun 2025 ta ci babbar jarrabawar a zama ɗaya. A Yuli ta sa farar riga ta shiga zagayen marasa lafiya, daidai matakin da take a ranar da aka fara harbi. Wata 27 ke nan tsakani. Firgitar ta ragu, ko da yake har yanzu ba ta kwana kusa da taga.

Hukunci

Kyautar Onyema ta yi aiki, kuma ina ganin na san dalili. Ya ba da abin da ke hannunsa wanda ba kowa ke da shi ba, a daidai gaɓar da aka rasa shi. Masar jirgi take son gani, ba alkawarin kuɗi ba. Ya faɗi iyakar abin da zai iya tun farko, cewa ba zai shiga Khartum ba, a kawo masa mutane inda zai sauka, kuma ya cika. Sannan ba a cika takardar neman alfarma ba, ba a tambayi yarinyar 'yar wace jiha ce ko wa ta sani ba. Ɗan Anambra ya ɗauko 'yar Tudun Wada da ba zai taɓa sanin sunanta ba. Wannan ya taɓa ni, kuma ina fata masu halinmu da ke da motoci da asibitoci da makarantu su duba irin wannan bayarwa, domin buƙatar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya bayan saukar jirgi kujera ce a aji.

Ba ina wanke mutumin gaba ɗaya ba ne. Tun Nuwambar 2019 hukumomin Amurka ke tuhumarsa da zambar banki da halasta kuɗin haram na sama da dala miliyan 20, a 2024 suka ƙara wata tuhumar, shi kuma ya musanta. Na faɗa wa Alhaji maganar tuhumar 2019 tun ranar farko. Ya ce wannan tsakaninsa da masu shari'a ne, shi abin da ya gani shi ne 'yarsa a tsakar gida. A nan ni ma na tsaya.

Amma jirgi shi kaɗai bai fitar da ita ba. Da shugabannin ɗalibai ba su tattara sunaye a ƙarƙashin harbi ba, da ba a yi magana tsakanin shugabannin ƙasa biyu ba, da jirgin ya gaji da jira. Tafiyar sama 'yan sa'o'i ce a cikin lamarin da ya ci wata 27, kuma mafi tsawon ɓangarensa a ofisoshin gida aka yi shi, inda tsarin karɓar ɗaliban ya fito ba tare da an ƙara wa makarantun likitanci gurbi dominsu ba.

Akwai kuma laifina. Shekara uku takardunta suna bi ta hannuna, ban taɓa cewa ta karɓi takardar sakamako mai hatimi a ƙarshen kowace shekara ba, alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Da na yi, da wataƙila ba ta maimaita aji uku ba. Abin da ya cece mu ɗabi'ar mutumin da ba ya karanta Turanci ce.

Cikin su shida da suka kwana a wancan lungu, biyu suna ci gaba da likitanci a Najeriya, ɗaya iyayenta sun kai ta Masar, ɗaya ta koma aikin jinya, ɗaya ta yi aure ta bar karatun. Ta shidan 'yar Bauchi ce, aji biyar take lokacin da aka fara yaƙin, kuma wayarta ta faɗi a Fot Sudan da duk hotunan da ke ciki. Mahaifiyarta ta samo rasit huɗu da wasiƙar ɗaukarta a makaranta. Ranar Litinin zan kai su wurin malamin nan ya duba.